Jawabi ga Ma'aikatan Ƙasa a Daudawa, a Kan Zaɓen Majalisun Ƙananan Hukumomi na 2025

   

An ɗora mini in yi muku jawabi a kan zaɓen majalisun ƙananan hukumomi, da abin da ya fito daga cikinsa. Ba don na fi kowa sani aka tsayad da ni ba, furfura ce ta jawo mini. Gama na shiga aikin En'e ina saurayi, tun 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai suna hannun Sarki, ban kuwa ajiye alƙalami ba sai da na ga an sāke wa hukumar suna da tsari. Saboda haka abin da zan faɗa muku, wani a takarda na karanta, wani kuwa da idona na gani. Kadan na yi kuskure, akwai manyana a nan, sai su gyara mini.

To, ga labarin zaɓen a taƙaice. Ran Asabar, 15 ga watan Fabrairu, 2025, Hukumar Zaɓe ta Jihar Katsina, wadda Alhaji Lawal Alhassan Faskari ya shugabanta, ta yi zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi 34 da kansiloli 361. Da aka gama lissafi, aka bayyana cewa jam'iyyar APC ta ɗauke kujerun shugabanni 34 duka, da na kansiloli 361 duka, ba ta bar ko ɗaya ba. Jam'iyyar PDP, wadda ita ce babbar abokiyar hamayya a lokacin, ta ƙi shiga zaɓen. Watau nan mazaɓar Daudawa, da Mairuwa da Sheme da Yankara da Maigora da Ruwan Godiya da Tafoki da sauran mazaɓun Faskari, har da na Ƙanƙara da na Sabuwa, duk wanda ya shiga majalisa tuta guda ya riƙo.

Wannan kowa ya ji shi a rediyo, ba sai na taso daga gida na faɗa muku ba. Abin da na ke so mu duba tare shi ne, mene ne wannan sakamako ya ke nufi ga mutum irinku, wanda ba a zaɓe shi da ƙuri'a ba, ba kuwa za a fid da shi da ƙuri'a ba, amma a hannunsa littafi da hatimi su ke. Ba za a gane wannan ba sai an koma baya kaɗan, an ga yadda majalisa ta samo asali a ƙasan nan.

Turawa sun shigo Katsina a 1903. A 1906 aka ba Muhammadu Dikko sarauta, ya kuwa yi zamani har 1944. A zamaninsa ne aka fid da hakimai daga birni, aka ce kowa ya tafi ya zauna cikin gundumarsa. A zamaninsa kuma, shi da Razdan Palmer, aka kafa baitulmali, Katsina tana cikin na farkon da suka yi haka a Arewa. Haraji da jangali suka daina shiga aljihun wanda ya tara, aka riƙa rubuta su, a ba Gwamnati kashinta, En'e ta riƙe nata, a yanka wa kowane ma'aikaci albashi tun daga Sarki har ɗan doka. Aikinmu na malanta daga nan ya faro. Malamin haraji, da Ma'aji, da malamin hakimi, duk 'ya'yan baitulmali ne.

A wancan zamani ba a san wani abu wai shi ƙuri'a ba. Sarki ya kan yi shawara da 'yan majalisarsa, amma bisa doka shi kaɗai ne En'e. Talaka kuwa in yana da kuka, sai ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. Kadan ɗaya daga cikinsu ya ga dama ya danne maganar, shi ke nan, ta mutu a hanya, sai fa in Di'o ya zo rangadi mai kukan ya yi ƙarfin hali ya tare shi. An yi ayyuka masu kyau a cikin wannan tsari, ba mai musun haka. Cikin shekarun 1920 aka kafa gonar irin auduga a nan Daudawa, jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, injin gurzar auduga yana ta aiki, daga baya kuma aka zaunar da manoma a nan ana koya musu huɗa da shanu. Amma duk waɗannan daga sama aka shawarta su, aka sauko da su. Ba a tambayi manomi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iska ta juya. A 1947 Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, Mista Creech Jones, ya aiko wa gwamnonin Afirka takarda, ya ce a gyara mulkin gida yadda jama'a za su sami baki a cikinsa. Cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, ya faɗi aibobinsa a fili. A wannan wata kuma aka kafa NEPU a Kano. Gwamnati ta sa Turawan mulki biyu, Mista Maddocks da Mista Pott, suka zaga suka kawo rahoto. Daga nan aka daina cewa Sarki shi kaɗai ne En'e, aka ce Sarki tare da majalisarsa. A 1954 aka yi sabuwar Dokar En'e, ta ba majalisun gunduma da na ƙauye gindin zama. A nan Katsina, Sarki Usman Nagogo ne ke bisa gado lokacin da aka yi waɗannan gyare-gyare.

Yaran yanzu ba su ga majalisar gunduma ba, bari in siffanta musu ita. Hakimi shi ne shugaba. Dagatai suna zaune saboda rawaninsu. Sa'an nan ga wakilai da ƙauyuka suka zaɓo, da waɗansu kuma da aka naɗa. Mazaje kaɗai ke zaɓe, mata ba su da ƙuri'a. Majalisar tana da ɗan asusu nata, wanda a ke cirowa daga abin da talakawa suka biya, da shi a kan haƙa rijiya, a gyara rumfunan kasuwa, a share hanyar rani. Kuɗin ba yawa, amma kowa ya san daga aljihunsa suka fito.

Kada in rufe laifinmu. 'Yan NEPU sun daɗe suna kukan cewa ma'aikatan En'e suna goyon NPC, ana hana su izinin lacca, ana kai su gaban alƙali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kukan nan akwai gaskiya a cikinsa, mu da muka yi aikin mun sani. Ma'aikaci da yawa ya ɗauka cewa biyayya ga Sarki da biyayya ga jam'iyya abu guda ne. Wannan yana cikin dalilan da suka sa, da soja suka karɓi mulki, aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidan yari wajen ƙarshen shekarun 1960. Mun yi amfani da sanda inda bai kamata ba, aka karɓe sandan.

Amma duk da haka na ga amfanin wakili mai baki. Ina ƙaramin malami, an sa ni rubuta abin da aka faɗa a wani zama na majalisar wata gunduma. Aka karanta lissafi, aka ce an kashe kuɗi kaza wajen gina rijiya a wani ƙauye. Sai wani wakili, dattijo, wanda bai iya ko rubuta sunansa da boko ba, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, ranka ya daɗe, shi daga ƙauyen nan ya fito da asuba, matansa kuwa har yau rafi su ke zuwa. Wuri ya yi tsit. Hakimi bai yi fushi ba, ya sa aka tafi aka duba, aka tarar rami ne gaba biyu, ba ruwa ba siminti. Kafin damina ta faɗi aka gama rijiyar. Ni na rubuta lissafin farko bisa takardar da aka ba ni, ban taka ƙafa na gani ba. Tun daga ran nan ban ƙara sa hannu a kan aikin da ban gani ba. Ku lura fa, ba Di'o ya kama wannan ba, ba mai binciken kuɗi daga birni ba. Mutumin da ƙauyensa suka aiko ne, wanda ya san zai koma ya haɗa ido da su.

A 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka yi babban gyara a Nijeriya duka. Aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya daga teku har hamada, aka fid da sarakuna daga riƙon baitulmali, aka bar musu shawara da riƙon jama'a. A shekarar ne kuma aka buɗe wa matan Arewa ƙofar ƙuri'a. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, mu kuwa a lokacin cikinta mu ke, gama ba a yanke Jihar Katsina ba sai ran 23 ga Satumba, 1987. Talakawa sun yi murna da sokewar nan, suna kuwa da dalili, don an sha zalunci wajen tara haraji. Sai dai wani abu ya bi ta ya tafi, wanda ba a lura da shi ba sai daga baya. Dā mai biyan haraji yana jin yana da haƙƙin tambaya. Yanzu kuɗin ƙaramar hukuma mafi yawa daga asusun tarayya su ke gangarowa, inda ƙananan hukumomi 774 su ke da kashi 20.6 cikin ɗari. Mutumin ƙauye ba ya ganin sun fita daga aljihunsa, sai ya ɗauke su kamar ruwan sama, in an yi ya gode, in ba a yi ba ya yi haƙuri. Alhali kuwa kuɗinsa ne, kamar yadda na rijiyar nan su ke kuɗin dattijon nan.

Daga nan an gwada zaɓe iri iri. A Disamba 1987 an yi shi ba jam'iyya. A Disamba 1990 an yi na layi, kowa ya tsaya bayan wanda ya ke so, a ƙirga kawuna da rana tsaka. A Disamba 1998 hukumar zaɓe ta ƙasa ta yi shi. Sa'an nan Tsarin Mulki na 1999 ya zo, sashe na 7 ya tabbatad da cewa ƙananan hukumomi zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe su. Amma ya danƙa zaɓen a hannun hukumar kowace jiha, wadda gwamna ke naɗa wa shugabanni, majalisar jiha ta amince.

To, ku dubi abin da ya biyo baya a jihar nan. A 2014, zamanin Gwamna Ibrahim Shema, an yi zaɓe, PDP ta riƙe shugabanni 34. A 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya hau, ya rushe su. Suka kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har ran 7 ga Mayu, 2021, Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, a biya su haƙƙinsu. Tun daga 2015 har zuwa 11 ga Afrilu, 2022, ba zaɓaɓɓen kansila ko ɗaya a ƙasar Katsina, kusan shekara bakwai ke nan. Ku da kanku kun san waɗanne shekaru ne waɗannan a yankinmu. Cikinsu ne 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan bakin daji. Cikinsu ne aka kai wa Kadisau hari a 2020. Cikinsu ne, ran 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji, har Allah ya sa aka sako su bayan kwana shida. Ban ce da akwai kansila da ba a yi haka ba, gama kansila ba shi da bindiga. Abin da na ce, a kwanakin da jama'a suka fi bukatar wanda zai tsaya ya yi magana da yawunsu, kujerar a wofi ta ke, kukan duka a kan dagatai da masu unguwanni ya faɗo.

A 2022 aka yi zaɓe, jam'iyyar gwamnati ta rinjaya ƙwarai. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta sāke yanke wani hukunci babba, ta ce gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, kuma kason ƙaramar hukuma a ba ta a hannunta. Bayan wannan hukunci ne jihohi suka yi ta gaggawar zaɓe. A Oktoba 2024 Kano ta yi nata, NNPP mai mulkin jihar a lokacin ta ɗauke 44 duka. A wannan wata Kaduna ta yi nata, APC ta ɗauke 23 duka. Mu kuma muka yi namu a Fabrairu 2025, zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, kun ji yadda ya fito.

Na jero muku waɗannan don ku ga cewa maganata ba a kan wata jam'iyya ta ke ba. Da PDP ke mulki ita ta kwashe, da APC ta hau ita ta kwashe, a Kano ma wata ta uku ce ta yi. Wanda ke riƙe da gidan gwamnati, shi ke cin zaɓen ƙananan hukumomi. Ku mutanen Daudawa ne, kun san kasuwar auduga. Kadan aka ce akwai sikelin da kowane buhu aka ɗora, nauyi guda ya ke nunawa, to ko da malamin awo mutumin kirki ne, manomi ba zai yarda da shi ba, mai saye ma ba zai san abin da ya saya ba. Sakamakon da kullum 34 ne cikin 34 ya faɗa mana wanda zai zauna a kujera, wannan kuwa doka ta tabbatar, ba mu da ja. Amma bai faɗa mana wace mazaɓa ce ta gamsu ba, wace ce ke fushi, wane ƙauye ne ya watse har ba wanda ya rage ya jefa ƙuri'a. Amfanin zaɓe kuwa rabinsa wannan labari ne.

Hasara uku na ke gani a cikin majalisar da ba mai hamayya. Ta farko, ranar karanta lissafi ba lalle a sami wanda zai durƙusa ya ce matansa har yau rafi su ke zuwa, gama kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa. Ta biyu, kansila ya san ainihin kokawarsa a cikin jam'iyya aka yi ta, ran da aka ba shi takara, don haka idonsa ya fi karkata ga wanda ya ba shi, fiye da ga waɗanda ya ke wakilta. Ta uku, wadda ta fi muni, jama'a su kan cire rai. Mutumin da ya ga sau uku an san mai ci tun ba a buɗe akwati ba, ran na huɗu gona zai tafi. Mutumin da ya cire rai daga hukuma kuwa, ba ya kawo mata rahoto, ba ya kai ɗansa rigakafi da daɗin rai, in wani ya zo ya yi masa alkawarin adalci ta wata hanya, yana iya saurara. A yanki irin namu wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gyaran dokar zaɓe ba namu ba ne, na majalisar ƙasa ne da ta jiha. Ana ta muhawara ko a mai da zaɓen hannun hukumar zaɓe ta ƙasa, ko a bar shi ga jihohi a gyara naɗin, wannan su za su yanke. Amma akwai abin da ke wuyanmu, shi na ke so ku tafi da shi gida.

Na farko, waɗanda aka rantsar su ne shugabanninku bisa doka. Ku yi musu aiki da zuciya ɗaya, kada ku raina su don kuna ganin zaɓen bai yi zafi ba. Da yawa cikinsu samari ne masu son yin abin kirki, ba su dai san kan ofis ba. Ku nuna musu abin da Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota, mayanka da maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, hanyoyin cikin gari, da sa hannu cikin makarantun firamare da asibitocin karkara da aikin gona. Kansilan da ya san aikinsa ya fi wuyar juyawa.

Na biyu, littafi. Tun da ba mai hamayya a zauren majalisa, to littafinku shi ne shaidar da ta rage. Kada ka rubuta rijiya sai ka leƙa ka ga ruwa. Kada ka sa hannu a takardar albashin malamin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Kadan aka umurce ka da abin da ya saɓa wa ƙa'idar kuɗi, ka ce, ranka ya daɗe, a ba ni a rubuce. Yawancin umurni irin wannan ba ya iya jure tawada. Ku tuna kuma, shugaba shekarunsa ƙidayayyu ne, in ya tafi ya tafi, amma sa hannunka yana nan cikin fayil har ka tsufa. Hukuncin 2024 ya ce a ba ƙaramar hukuma kuɗinta a hannu, to gwargwadon yadda aka bi shi, gwargwadon yadda nauyin Ma'aji da malaman kuɗi zai ƙaru. Dā ana iya cewa kuɗin ba su iso ba. In sun iso, ba sauran mafaka.

Na uku, gare ku iyayen ƙasa. Labarin da akwatin zaɓe bai kawo ba, ku ne za ku kawo shi. Dagaci ya san gida nawa suka tashi daga ƙauyensa, gona nawa aka bari ba a nome ba, makaranta nawa aka rufe, su wa suka koma Funtuwa ko Faskari suna zaman haya. Ku rubuta, ku kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, ko da labarin ba shi da daɗin ji. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wani hali da muka gada tun zamanin rangadi, in babba ya tambaya a ce lafiya lau, ƙasa lafiya. An yi hasara da yawa saboda lafiya lau ɗin nan.

Na huɗu, ku tsare rawani da ofis daga jam'iyya. Na faɗa muku abin da ya sami En'e da ta kasa yin haka. Wanda bai shiga zaɓe ba, da wanda ya shiga ya faɗi, da wanda ya zagi shugaba a dandalin lacca, duk in sun zo neman takardar shaidar haihuwa ko rabon taki, talakawanku ne, layi guda za su bi da kowa. Kun ga da idonku yadda waɗanda aka rushe a 2015 suka yi nasara a kotu a 2021. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ma'aikacin da ya yi wa kowa daidai ba ya fargaba ran da aka sāke gwamnati.

Na biyar, ku buɗe wa jama'a ƙofa. Ba dokar da ta hana a liƙa kasafin kuɗin shekara a bangon sakatariya da ƙofar hakimi, da Hausa, a boko da ajami, yadda mai wucewa zai karanta. Ba abin da ya hana kansila ya tara mutanen mazaɓarsa a gindin bishiya, maza da mata, ya faɗa musu abin da aka samu da abin da aka kashe. Ku ba shi shawarar haka, ku shirya masa takardun. In mutane suka saba jin cewa kuɗin nasu ne, za su fara tambaya, in suka fara tambaya kuwa, wata rana za su fito zaɓe da gaske, kuma ba wanda zai iya faɗin sakamako tun kafin a ƙirga.

Ku yara malamai, ku ne za ku ga wannan rana, mu dai mun yi namu. Daga majalisar gunduma ta 1954 zuwa yau shekara saba'in ne da 'yan kai, an yi gaba an yi baya, amma abin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nema a 1950, watau talaka ya sami baki cikin mulkin garinsu, har yanzu ba a gama biya ba. Abin da ke hannunku ku riƙe shi da amana, sauran kuwa a bar wa masu shi.

 Wanda maganata ta sosa masa rai ya gafarce ni, ba da kowa na ke ba. Allah ya ja zamanin Sarkin Katsina, ya ba shugabannin da aka zaɓa ikon riƙon amana, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu garuruwansu lafiya, ya zaunad da ƙasarmu. Allah ya mai da kowa gida lafiya.